Makkar da Na Zana a Bayan Kwali

Ina da shekara goma sha biyu na fara zana taswira, kuma a ranar ko sunan abin ban sani ba. Lokacin aikin Hajji ne, ana tsakiyar faɗaɗa Harami da aka soma a 1988 zamanin Sarki Fahad, gari ya cika ya batse, ni kuwa Inna ta aike ni unguwar Misfala in kai wa wata ƙawarta saƙo. A bakin titin Ibrahim Khalil na tarar da wani dattijo tsaye, buta a hannu ɗaya carbi a ɗayan, yana bin gine-gine da kallo ɗaya bayan ɗaya. Hularsa da tsagen fuskarsa suka nuna mini ɗan gida ne, na gaishe shi da Hausa, sai na ga idanunsa sun kawo ruwa. Ya ce tun bayan sallar asuba yake yawo, masaukinsu ya ɓace masa, kuma duk wanda ya tara da magana sai ya amsa masa da harshen da ba ya ji. Akwai ɗan kati a aljihunsa mai ɗauke da sunan unguwa da lambar gida, na karanta, na kama hannunsa muka bi ta lunguna har ƙofar gidan da aka rataya wa tutar Najeriya.

Da muka isa bai saki hannuna ba. Ya ce, "Ɗana, yau Allah Ya haɗa ni da kai, to gobe fa, wa zai komo da ni?" Na rasa amsar da zan ba shi, sai idona ya faɗa kan wani kwalin madara da aka jefar a ƙofar kanti, na yago gefensa, na ari biro wurin mai kantin, na durƙusa a kan dakali na fara ja masa layi. Na sa masaukinsu a sama, Harami a ƙasa, na rubuta sunayen tituna yadda na san su. Ya karɓa ya daɗe yana dubawa, sannan ya juya kwalin ya ce, "A'a, yaro, sa mini Ɗakin Allah a gabana, ni kuma ka ajiye ni nan ƙasa inda ƙafata take." Sunayen titunan kuwa ya ce ba su da amfani a wurinsa, domin ba mai ɗaga kai ya karanta allo cikin wannan turmutsutsu. Abin da ya nema shi ne in sa masa kantin da aka rataye butoci a ƙofarsa, da mai asuwakin da ke zama gindin gada, da filin da tattabaru suke sauka ana watsa musu hatsi, waɗanda duk ya lura da su da safe amma ya kasa jera su a kansa. Na yago wani gefen na sake zanawa, na rubuta kowace alama da haruffan Larabci amma da kalmomin Hausa, shi kuma ya karanta su sarai domin da ajami ya tashi. Bayan kwana uku na hango shi a harabar Harami yana tafiya shi kaɗai ba dube-dube, gefen kwalin nan ya leƙo daga aljihun rigarsa.

Ni haifaffen Makka ne, haka ma mahaifina, amma kakanninmu da ƙafa suka zo, kuma idan na waiwaya yanzu sai in ga a tabarmar kakata na fara ganin taswira tun kafin ranar dattijon nan. Kaka ba ta taɓa riƙe alƙalami ba, amma hanyar da suka biyo daga ƙasar Kano tana bakinta kamar hadda: Maiduguri, Fort Lamy wadda aka mayar Njamena a 1973, Abeshe, Junaina, Fashir, Ubayyid, sannan Madani ta ƙasar Sudan inda suka zauna suna cirar auduga a gonakin Jazira har guzuri ya taru, daga nan Sawakin, sai jirgin ruwa ya tsallaka da su Bahar Maliya zuwa Jidda. Idan tana ba mu labarin takan jera ƙwallayen dabino a kan tabarma, kowane ƙwallo gari guda, kuma tazarar da take bari tsakaninsu tana bin abin da ta sha ne a hanyar, ba ruwanta da nisan ƙasa. Tsakanin Madani da Sawakin, inda suka samu jirgin ƙasa, ƙwallayen kusan a manne suke. Tsakanin Abeshe da Junaina kuwa, inda ta binne ɗanta na fari a gindin wata bishiya da ba ta san sunanta ba, sai ta miƙa hannu iya tsawonsa kafin ta ajiye ƙwallo na gaba, ta yi shiru na ɗan lokaci, mu ma mu yi shiru.

Wanda bai zauna Makka ba yakan ɗauka gari ne shimfiɗaɗɗe, alhali kwari ne tsakanin duwatsu, kuma Harami yana can ƙasan kwarin. Tun zamanin da mutanen garin sun raba shi biyu bisa yadda ruwa yake gangarowa, ɓangaren sama shi ne Ma'ala, inda maƙabartar da aka binne Nana Khadija take, na ƙasa kuma Misfala, ma'anar sunayen ke nan a Larabci. Idan aka yi ruwa mai ƙarfi daga sama yake kwararowa ya nufi Harami, shi ya sa tsofaffi ba su daina ba da labarin ambaliyar 1941 ba, wadda ta cika filin ɗawafi har aka ga mai kewaya Ɗaki da iyo. Unguwarmu tana yamma da Harami, ta wajen Hindawiyya da Shara Mansur, wato titin Mansur, inda Hausawa suka daɗe da kafuwa, kuma rabin gidajenta a jikin dutse suke, wani bisa wani. Mota a gindin tudu take tsayawa, daga nan sai matakala. Tukunyar gas, buhun shinkafa, mara lafiya, gawa, duk a kafaɗa suke hawa ko sauka. Taswirar da ake bugawa ana raba wa alhazai ba ta san da wannan ba, domin a kanta gida biyu suna iya zama dab da juna, alhali tsakaninsu akwai hawan da zai sa dattijo ya huta sau uku.

Akwai kuma maganar gabas, wadda ita ce ta fi zama mini a rai. A ƙasar Hausa idan aka ce mutum ya fuskanci gabas an san salla ake nufi, har gabas da alƙibla suka zama abu ɗaya a bakin mutane. Alhaji yakan sauka a masauki ya shimfiɗa darduma ya tambaye ni, "Yaro, ina ne gabas a nan?" Idan a Misfala yake sai in nuna masa arewa, idan a Aziziyya ne in juya shi wajen yamma, a Ma'abda kuma kudu maso yamma, kuma na sha ganin dattijo ya yi jim yana duban rana ta taga, zuciyarsa ba ta kwanta ba. Daga nan na daina sa arewa a saman takarda kamar yadda malamin labarin ƙasa ya koya mana. Nakan fara da ɗan murabba'i baƙi, sannan kowane masallacin unguwa in zana shi da 'yar kibiya mai nuna inda sahu yake kallo. Ranar da na gama jera masallatai ashirin da wani abu a takarda guda na ɗaga ta na duba, na ga kibiyoyin sun karkato daga kowane ɓangare zuwa wuri ɗaya, kamar yadda tattabarun Harami suke juyowa gaba ɗaya idan an watsa hatsi. Jikina ya yi sanyi, domin abin da nake ji a wa'azi tun ina yaro ga shi ya fito daga bakin birona ba tare da na nufe shi ba.

Da na bar makaranta na shiga aikin kai abinci masaukan alhazai, daga baya na koyi tuƙi, kuma duk inda na je da littafin rubutu a aljihun gaba. Ba wanda ya koya mini awo, saboda haka ƙafata na mayar ma'auni: nakan ƙirga taku daga kwana zuwa kwana, in ƙirga matakala ɗaya bayan ɗaya, in rubuta adadin a gefen layi. Wannan ƙirgar ce ta fara nuna mini cewa mutum yana iya shekara ashirin a wuri bai san shi ba. Gidan gwaggona tun ina ƙarami na ɗauke shi wuri mai nisa, domin idan za mu je sai mu gangara titi mu hau mota ta zagaya da mu kusan rabin sa'a. Wata rana na zana hanyar, kwana bayan kwana, sai na ga layin ya lanƙwaso har ya kusa taɓa bayan gidanmu. Na ɗauka kuskure na yi, na sake bin hanyar na sake ƙirgawa, abin ya fito yadda ya fito da farko. Washegari na hau ƙololuwar tudunmu na bi wata 'yar hanya da awaki suka fitar tsakanin duwatsu, cikin minti goma sai ga ni ina kallon tankin ruwan gidan gwaggo daga sama. Ashe dutse guda ne a tsakaninmu duk shekarun nan.

Daga nan zanen ya fara rarrabuwa, domin takarda ɗaya ba ta ɗaukar gari a kowane lokaci. Da bazara, lokacin da zafi yake haura digiri 45, na yi taswirar inuwa, mai nuna gefen da za a bi da hantsi da wanda za a koma bayan la'asar. Ta azumi daban take, domin lungun da ba kowa da rana yakan zama kasuwa bayan tarawi, hayaƙin masu tsire, wanda mutanen Hijaz suka karɓa suke kira sire, ya rufe bakin titi. Hanyoyin da aka fasa cikin duwatsu kuwa, waɗanda a nan muke ce wa nafak, da ɗigo-ɗigo nake zana su, don in tuna wa kaina cewa mai mota yana shiga ta wata unguwa ya fita ta wata, alhali bisa kansa akwai gidaje da mutane.

Na daɗe ina ganin na san unguwarmu ciki da bai, sai ranar da na shimfiɗa zanenta a tsakar gida Yaya ta tsaya a kaina da tsintsiya a hannu, ta duba ta ce, "Wannan ai unguwar maza ka zana." Na sake dubawa, na ga masallaci da kanti da wurin aski da majalisar da ake zama bayan la'asar, ban ga abin da ya rage ba. Ta ajiye tsintsiyar ta ɗauki jan biro, ta fara jan layukan da suke ratsa cikin gidaje ta ƙofofin baya da ban taɓa lissafawa ba, har ta fitar da hanya daga ɗakin Inna zuwa gidan ungozoma, wadda mace za ta bi da tsakar dare ba tare da ta taka titi ba. Ta sa gidan mai kitso, da gidan da ake zubin adashi, da na matar da ake kawo wa daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa daga can gida, ta kuma zagaye wani lungu ta ce ba macen da take bin sa bayan magariba saboda babu fitila. Ta wannan lungun nake wucewa kullum, ban taɓa sanin ana tsoronsa ba. Tun daga ranar ba na cewa na gama zane sai na ba wani ya duba. Wani makaho da nake raka wa masallaci ya ba ni tasa taswirar da baki, ba komai cikinta sai ƙamshin tanderun mai burodin tamis, da ɗigar ruwan na'urar sanyaya ɗaki a kan kwano, da wurin da ƙasa take fara karkata ƙarƙashin takalmi, kuma da na bi ta da ido a rufe ta kai ni har ƙofar masallacin.

Wani ɗalibi ɗan Zariya da ke karatu a Jami'ar Ummul Ƙura, wanda muke salla masallaci ɗaya, shi ne ya fara gaya mini cewa abin da nake yi yana da asali. Ya ce malamin nan Idrisi, da ya kammala taswirar duniya a tsibirin Sisili a 1154, kudu ya sa a sama. Ya ce kuma lokacin da Bature Clapperton ya isa Sakkwato a 1824, daga fadar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya samu taswirar ƙasashen yankin da hanyar kogin Kwara, wadda aka buga a Ingila bayan shekara biyu. Wannan ya faranta mini rai ƙwarai, domin na taso ina ɗauka taswira kayan Turawa ce. Ya ƙara mini da labarin wani masanin tsara birane a Amurka, Kevin Lynch, wanda ya sa mazauna Boston da Jersey City da Los Angeles suka zana garuruwansu da ka, ya bayyana a 1960 cewa mutane suna riƙe gari ne ta hanyoyi da iyakoki da unguwanni da mahaɗai da alamomin da ido yake kamawa. Na yarda da shi, tunda kantin butoci da filin tattabaru su ne alamomin dattijona, sai dai na ce wa ɗalibin, da mutumin a Makka ya yi bincikensa da ya ƙara hawa da gangara a lissafinsa, da kuma lokutan salla, domin a nan su ne suke buɗe hanya su rufe ta.

A kan idona garin ya canja kama. An sauke tsohon sansanin Ajyad na zamanin Turkawa a 2002, aka gina benayen da hasumiyar agogo mai tsawon mita 601 take bisansu, wadda aka kammala a 2012. Daga 2008 aka fara kwashe unguwar Shamiyya don faɗaɗa Harami ta arewa, a 2018 kuma jirgin ƙasa mai gudu zuwa Madina ya fara tashi daga Rusaifa, ba nisa da mu. Ba zan ce na ƙi wannan duka ba, domin a 2019 kusan mutum miliyan biyu da rabi suka yi aikin Hajji, kuma wanda ya taɓa ɗaukar mai naƙuda a kan kujera ya sauko da ita matakala saba'in da dare ya san darajar faffaɗan titi. Agogon ma ya yi wa baƙi rana, tunda ana hango shi daga nesa, zuwa Harami ya daina ɓace wa kowa. Komowa masauki ce har gobe take ba da wuya, domin a lokacin agogon yana bayan mutum, benayen da ke gabansa kuma duk kamarsu ɗaya.

Namu ya zo ne wata safiya da muka tashi muka ga an bi bangwaye da jan fenti, an rubuta lamba da kalma ɗaya ta Larabci, izala, wato rusau. Hanya ce za ta ratsa. Masu takardar mallaka suna da hanyarsu ta neman diyya, mu kuwa 'yan haya ne shekara arba'in a gida ɗaya, abin da ke gabanmu shi ne neman inda za mu sa kai kafin a yanke wuta da ruwa. Cikin waɗannan makonni da rana ina yawon neman gida, da dare kuma, a bayan manyan kalanda huɗu da na haɗa da salatif, ina zana unguwar gaba ɗayanta da fensir, gida gida, da layukan Yaya a ciki da jan biro. Ban gaya wa kowa ba, amma magana ta fita.

Sai mutane suka fara sallama bayan isha'i. Wani ya durƙusa ya nemi gidansu da yatsa, da ya same shi ya ce in ƙara masa darbejiyar da mahaifinsa ya dasa a bakin ƙofa. Limaminmu ya ce in sa famfon alwala a hagun ƙofar masallaci, inda yake kafin a yi gyara, domin a nan ya san shi. Wata tsohuwa, ƙawar Inna, ta sa aka riƙo hannunta har tsakar gidanmu, ta ce, "Ɗan nan, nuna mini ɗakina." Na nuna mata gidan, ta ce ɗaki ta tambaya, na ƙurya, wanda ta haifi 'ya'yanta tara a ciki, aka kuma fitar da biyu daga cikinsa zuwa makwanci. Na raba ɗan murabba'in gidan da layi na fitar mata da ɗakin, ta ɗora yatsa a kai ta daɗe ba ta ɗauke ba. An yi gardama mai zafi a kan babbar matakalarmu, wasu suna cewa saba'in da uku ce, wasu saba'in da huɗu, har aka tashi yara biyu da tocila suka je suka ƙirgo, aka tarar kowa da gaskiyarsa, domin ta ƙarshen ta karye rabi, masu hawa suna taka ta, masu sauka suna tsallake ta. Na rubuta duka biyun. Ana saura kwana biyu mu tashi na hau rufi da la'asar sakaliya na zana abin da ido yake gani ta gabas: kafaɗar wani baƙin dutse ta hagu, hasumiyar wani masallaci mai koren kai can ƙasa, da agogon Harami tsaye daidai bisa kanta kamar an ɗora shi.

Unguwa ta watse. Wasu suka nufi unguwar Shara'i, wasu Jidda, wasu da takardunsu na zama ba su cika ba suka koma Najeriya ko Nijar, ƙasashen da da yawansu ba su taɓa gani ba. Mu muka samu gida a Ka'akiyya, kudu da gari, a shimfiɗaɗɗen wuri mai miƙaƙƙun tituna. Inna ta ji daɗin rashin matakala, gwiwoyinta suka huta, amma ta fi wata guda idan ta tashi sallar asuba cikin duhu sai ta shimfiɗa darduma ta fuskanci mafitar rana kamar yadda ta saba a tsohon gida, sai in ji motsinta in taso in juya ta arewa. Daga baya na yanka 'yar kibiya da kwali na manna mata a bango, inda hannunta zai taɓa ko da babu fitila. Ta shafa ta ta ce, "To, nan ne gabas ɗin yanzu."

Yau ina tuƙi da Google Maps a gabana kamar kowane direba, kuma gidanmu yana da gajeren adireshin ƙasa, haruffa huɗu da lambobi huɗu, waɗanda idan ka ba mai kawo kaya zai zo har ƙofa bai tambayi kowa ba. Ina amfani da su kullum, ina kuma gode wa Allah da su. Abin da na lura shi ne, hanyar da waya ta kai ni sau goma, idan cajinta ya ƙare ba na iya komawa, amma wadda na zauna na zana sau ɗaya ba ta sake fita daga kaina. Dalili a ganina, mai zane dole ya tsai da magana a kan kowane layi, shin wannan kwanar kafin kantin take ko bayansa, shin wannan hawan ya fi wancan tsawo ko gajiya ce ta sa ya ga haka. Idan ya rasa amsa sai ya tashi ya koma ya duba, kuma a wannan komawar yake ganin abin da ya shekara yana wucewa. Tsofaffin alhazai kuwa, waɗanda wayarsu ba ta da intanet ko idonsu ba ya ganin ƙananan rubutu, har bana na yi wa wasunsu zane a bayan kwali, Ɗakin Allah a sama su a ƙasa.

Bayan shekaru na koma inda unguwarmu take. Ban gane komai ba, domin an fasa rabin tudun an baje shi, saura kuma kwalta ce da shinge da manyan injuna. Na fito da zanen da na yi a kan rufi, na shiga takawa a hankali ina duban gabas. Baƙin dutsen nan yana nan ta hagu, hasumiyar mai koren kai ma Allah Ya sa aikin bai kai gare ta ba, saboda haka na riƙa matsawa dama da hagu har agogon ya hau daidai bisa kanta, sannan na riƙa ja da baya a kan wannan layin har kafaɗar dutsen ta zo inda take a takarda. Na tsaya a gefen wani shinge. Bisa lissafina ɗakin Kaka yana sama da kaina da kamar tsayin bene uku, cikin iska, tunda ƙasar da yake kanta an kwashe ta. Na yi mata addu'a a nan. Mai gadi ya zo ya tambaye ni abin da nake nema, na nuna masa takardar, ya duba ya duba, ya koma wurin zamansa ya bar ni.

Babbar taswirar tana nan a naɗe cikin bututun roba a saman kabad, na ɗauki hotonta kashi-kashi na tura wa waɗanda suka nema ta WhatsApp. Watan jiya wani tsohon maƙwabcinmu da ke zaune a Kano yanzu ya kira ni da dare, muryarsa ta tsufa har ban gane ta ba da farko. Bayan gaisuwa da tambayar jikin Inna, ya ce jikansa ya buɗe masa hoton ya ƙara masa girma, ya ga gidansa, ya gode, amma akwai gyara. "Ƙofata ba titi take kallo ba, ɗana, lungun mai koko take kallo. Ka manta ta nan kake shigowa aron turmi idan Innarka ta aiko ka?" Na rufe ido na bi lungun daga bakin matakala, na wuce tankin ruwa, na karya hagu, sai ga ƙofar, shuɗiya, da ƙarfen ƙwanƙwasawa mai siffar hannu, tana kallon inda ya ce. Na ce, "Gaskiyarka, Baba." Ya ce kada in kashe wayar sai na gyara, don haka na sauko da bututun, na warware takardar a ƙasa, na danne kusurwoyinta da kofuna huɗu, na ɗauko magogi da fensir, shi kuma yana kan layi yana gaya mini taku nawa ne daga ƙofar zuwa kwana.